XP ko Windows 10: wace zan sa wa kwamfutata don tsofaffin wasanni?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Daga Tahoua nake rubutowa. Yayana da ke aiki a Yamai ya aiko mini da kwamfuta ta tebur ta hannu, Dell OptiPlex 7010, Core i5, RAM giga 4, da Windows 10 a kanta. Ina so ni da ƙannena mu riƙa buga wasannin da muka taso da su: PES 6, GTA San Andreas, Need for Speed Most Wanted, IGI, Red Alert 2, da Prince of Persia na farko wanda kawuna yake ba mu labari. Wasu sun tashi, wasu sun ƙi. Wani mai gyara ya ce in goge komai in sa XP, wai ita ce uwar tsofaffin wasanni. Me za ka ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka goge Windows 10 ɗin tukuna. Na daɗe ina gyaran kwamfuta a nan Yamai, tun lokacin da XP ce ke kan kowace na'ura a gidajen intanet, kuma wasannin nan shida da ka lissafo duk na tayar da su a kan Windows 10, a kan na'ura irin taka. Mai gyaran naka ba ƙarya ya yi ba, biyar daga cikinsu za su ji daɗin XP. Amma ya faɗa maka ribar ne, bai faɗa maka abin da za ka biya ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne kalmar "tsohon wasa". Sai a haɗa su duka a buhu ɗaya, alhali tsakanin Prince of Persia da PES 6 akwai shekara 16. Na farkon ya zo kan DOS, tsohuwar babbar manhajar da ake ba umarni a rubuce, a 1990, lokacin da Windows ba ta zama komai ba a harkar wasa. IGI da Red Alert 2 na 2000 ne, zamanin Windows 98. San Andreas da Most Wanted sun zo kwamfuta a 2005, PES 6 a 2006, tsakiyar mulkin XP ke nan. Zamani uku ne, kowanne da ciwonsa da maganinsa, kuma babu wata babbar manhaja guda da ke ɗaukar ukun ba tare da taimako ba. Ko XP ɗin, in ka ba ta wasan DOS, sau da yawa sauti ya kan ɓace ko wasan ya yi gudun da hannu ba ya iya bi. Saboda haka in mutum ya zo shagona da wannan tambaya, ba na fara tambayarsa wace Windows yake so. Takarda nake ba shi in ce ya rubuta sunayen wasannin da shekarunsu. Kai ka riga ka yi rabin wannan aikin.

Mu fara da na 2005 da 2006, tunda na tabbata su ne za ku fi zama a kai. Waɗannan wasanni ne na bit 32 da aka gina kan DirectX 9, manhajar Microsoft da wasanni ke bi ta kanta su fitar da hoto da sauti, kuma Windows 10 tana tafiyar da irinsu lafiya lau. Abin da ke hana su tashi yawanci ƙananan abubuwa ne da suka ɓace. In ka ga saƙo yana cewa ba a samu wani fayil mai suna irin d3dx9_26.dll ko d3dx9_30.dll ba, kada ka je kana farautar fayil ɗin shi kaɗai a shafukan da ba ka sani ba. Akwai kunshin DirectX na watan Yunin 2010 da Microsoft ta fitar, bai kai mega 100 ba, ka sauke shi sau ɗaya, ka girka, ka ajiye kwafinsa a kile, wato ɗan filashin USB. Mutane suna mamaki, wai ai Windows 10 tana da DirectX 12, me za a yi da na 9? To, sabon bai ƙunshi duk ƴan fayilolin tsohon ba, dole a ƙara su da hannu, kuma suna zama tare ba rigima.

San Andreas kuma zai nemi wani abu da ake kira DirectPlay. Yana nan cikin Windows 10, a kashe yake kawai. In taka ta Faransanci ce kamar yawancin namu, ka shiga «Activer ou désactiver des fonctionnalités Windows», ka buɗe «Composants hérités», ka sa alama a DirectPlay. Bayan haka sai ka nemi wani ɗan gyara kyauta da masoya wasan suka yi, SilentPatch, wanda ke magance matsalar linzamin kwamfuta da ke daskarewa a tsakiyar wasa, da wasu kurakurai masu yawa. Kuma ga abin da ƙannenka za su yi in ba ka gargaɗe su ba: za su shiga saitin hoto su kashe abin da ke taƙaita saurin wasan, don su ga ya yi santsi. Su bar shi a kunne. An ɗaura lissafin motsin wasan a kan wannan saurin, in ya wuce ƙa'ida sai ninƙaya ta zama wahala, motoci su riƙa yin abin da ba a sa su ba, wasu ayyukan su gagara ci.

Most Wanted shi ne wanda ke da matsala ta gaske, in faifan asali gare ka. An kulle faifan da wata kariya mai suna SafeDisc, wadda ke dogara da wani fayil, secdrv.sys, da ke shiga can cikin zuciyar Windows. Microsoft ta ƙi saka shi a Windows 10 tun fitowarta a 2015 saboda ɓarayin intanet na iya bi ta cikinsa, kuma a watan Satumban shekarar ta kashe shi a Vista da 7 da 8. Alamar ita ce ka danna wasan, faifai ya juya, sai shiru, babu saƙo babu komai. Wannan shirun ne ya sa mutane da yawa suka yanke hukuncin cewa Windows 10 ba ta son tsofaffin wasanni. Wasan lafiyarsa ƙalau, mai gadin ƙofar ne aka sallama. Yanzu akwai wata ƙaramar manhaja kyauta, SafeDiscShim, da ke tsayawa a madadinsa ba tare da buɗe waccan kafar ba.

IGI da Red Alert 2 ciwonsu daban ne. An yi su ne da tsofaffin hanyoyin zana hoto, DirectDraw da Direct3D na 7, waɗanda sababbin Windows ke kwaikwayo kawai, kuma ba su iya kwaikwayon sosai ba. Shi ya sa Red Alert 2 ke ba ka baƙin allo kana jin kiɗa, ko maɓallan zaɓi su ɓace, IGI kuma ya riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa a kan na'urar da ta ninka wadda aka yi shi dominta sau goma. Maganin shi ne tafinta: ƙaramin fayil da za ka ajiye a babban fayil ɗin wasan, kusa da wanda kake dannawa, ya riƙa karɓar maganar wasan a tsohon harshe yana miƙa ta ga katin hoto a sabon harshe. Na Red Alert 2 sunansa cnc-ddraw, fayil ɗin ddraw.dll da ɗan fayil ɗin saitinsa kawai za ka kwafa. Na IGI kuma dgVoodoo2: ka buɗe shi, ka shiga MS, ka shiga x86, ka kwafi DDraw.dll da D3DImm.dll zuwa wurin wasan. Shi dgVoodoo2 yana fassara zuwa DirectX 11, kuma ɗan katin hoton Intel da ke cikin furosesar na'urarka ya san wannan harshen, don haka ka tsira. Ka sauke su daga shafukan masu su na asali kawai. Na ga yadda fuskar wani dattijo ta canza a shagona ranar da Red Alert 2 ya buɗe masa bayan ya fid da rai shekaru. Fayil ɗaya muka kwafa, ko minti biyu ba a yi ba, ya ja kujera ya zauna har aka kira la'asar.

Sai Prince of Persia. Wannan kam, in Windows ɗinka mai bit 64 ce, ba za ta taɓa tayar da shi da kanta ba, kuma ba laifin saiti ba ne. Duk Windows mai bit 64 ba ta tafiyar da manhajar bit 16 ko ta DOS, an cire wannan ɓangaren gaba ɗaya. Amma DOSBox, wadda ta fito tun 2002 kuma kyauta ce, tana gina maka cikakkiyar kwamfutar wancan zamanin a cikin taga, da katin sautinta na Sound Blaster da komai. Ka ajiye wasan a C:\jeux\prince, ka buɗe DOSBox, ka rubuta mount c c:\jeux, sai c:, sai cd prince, sai prince. In wasa ya yi gudu da yawa, Ctrl da F11 na rage shi, Ctrl da F12 na ƙarawa, Alt da Entrée na cika allo. A ganina DOSBox ta fi XP iya wasannin DOS nesa ba kusa ba, har ta fi ainihin tsohuwar na'ura sauƙin sha'ani, don ba za ka yi daren gyaran ƙwaƙwalwa da saitin sauti irin wanda kawunka ya sha ba.

Ga wani abu da jagororin da ake rubutawa a Amurka ba za su gaya maka ba, don su bai dame su ba. Kilabiyenmu, wato allon maɓallan rubutu, na Faransa ne, AZERTY, su kuwa wasannin an tsara su a kan QWERTY. Maɓallan tafiya W, A, S, D da suke jere wuri ɗaya a wurinsu, mu a namu sun warwatse: W na ƙasa, A na sama. Wasu wasannin suna ganewa da kansu, wasu ba sa ganewa. In ka ga mutuminka yana tafiya gefe alhali gaba kake so, ka shiga saitin maɓallai ka mayar da su Z, Q, S, D. A cikin DOSBox kuma in ka danna A ka ga Q ta fito, rubuta keyb fr zai daidaita. Na sha karɓar na'ura an ce mini "wasan ya lalace", ashe wannan ce kawai.

Yanzu maganar XP. Ina ƙaunarta, da ita na koyi sana'ar nan, kuma akwai abin da har yau babu mai yi kamarta: sautin EAX na katunan Creative, wanda ke sa ka ji takun abokin gaba a bayanka da amsa-kuwwar ɗaki, daga Vista aka cire hanyar da yake bi. Kuma ka yi sa'a, na'urarka tana cikin na ƙarshe-ƙarshen da ke da direbobin XP, abin da mu nan muke kira pilot. Core i5 ɗinka na ƙarni na uku ne, daga na huɗu zuwa sama samun direban hoto da na sauran kayan ya zama wahala. Wato in ka so, za ta hau.

Amma Microsoft ta daina yi wa XP gyaran tsaro tun 8 ga Afrilun 2014. Duk wata kafa da aka gano bayan nan a buɗe take, in ban da ƴan kaɗan, irin wadda aka toshe da gaggawa a watan Mayun 2017 lokacin da birus ɗin WannaCry ya addabi duniya. Manhajojin shiga intanet na yanzu ba sa hawa kanta, shafuka da yawa ba za su buɗe ba, Steam, shagon wasanni na intanet, ta bar ta tun farkon 2019. XP mai bit 32 ba ta ganin RAM fiye da giga 3 da ɗan ɗori, kuma ba ta san yadda ake kula da diskin SSD ba. Kada ka ce ai ba za ka haɗa ta da intanet ba, shi ke nan ka huta. A wurinmu ba ta intanet birus ya fi shigowa ba, ta kile yake zuwa. Wani mai ɗakin wasan yara a Boukoki ya taɓa kawo mini na'urori uku a cikin amalanke, duk XP, ko ɗaya ba ta taɓa ganin intanet ba. Yaro ɗaya ne ya zo da kile don ya kwafi wasa, birus ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu ya shiga, daga nan duk kilen da aka soka sai ta ɗauka ta kai gida. Da muka zo gyara, har kilen da matarsa ke ajiye takardun makaranta ta kamu. Kwana biyu muka yi a kai. Kai da ka ce da ƙannenka za ku yi amfani da ita, kuma na san wata rana za a buƙaci buga takarda ko duba sakamakon jarrabawa a kanta, ban ga dalilin da zai sa ka mayar da na'urar gida guda ɗaya tilo ta zama haka ba.

In har zuciyarka ta nace sai XP, to ka ba ta ɗakinta daban. Ka samo wani ƙaramin tsohon diski, ka cire wayar na Windows 10, ka girka XP a kan wancan shi kaɗai. Za ka haɗu da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B tun a farkon girkawa, don faifan XP bai san AHCI ba, sabon tsarin da na'ura ke magana da diski. Sai ka danna F2 lokacin da na'urar ke tashi, ka nemi saitin SATA, ka mayar da shi ATA. Ka riƙe wannan da kyau: ranar da za ka koma Windows 10 sai ka mayar da saitin AHCI, in ba haka ba ita ma za ta ƙi tashi, ka ɗauka ta mutu alhali lafiyarta ƙalau. Kada ka girka wa XP ɗin direban katin intanet ma sam, kuma kile ɗaya tak za ka ware mata.

Windows 7 fa? Da na'urarka ta fi haka tsufa, a ce Core 2 Duo mai RAM giga 2, ita zan ce ka sa, mai bit 32, don ba ta da nauyi kuma tana karɓar tsofaffin manhajojin girkawa na bit 16 da wasu wasannin shekarun 1990 suka zo da su. Amma ita ma an daina kula da ita tun Janairun 2020, Chrome ya tsaya mata a lamba 109, Steam ta bar ta a farkon 2024. A kan taka ba za ta ba ka wani abin da Windows 10 ba ta ba ka ba.

Gaskiya ita ce Windows 10 ɗin ma wa'adinta na gyaran tsaro na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma na'urarka ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta yarda da su, don tana neman ɗan guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama. Duk da haka tazarar da ke tsakaninta da XP babba ce: an gina ta da katangu da yawa da XP ba ta da su, tana da mai gadinta na Defender a ciki, kuma manhajojin yau suna hawa kanta. Don wasa da ƙananan ayyukan gida ta isa. Harkar kuɗi da lambobin sirri masu muhimmanci dai ka bar su a wayarka.

Kada ka ɓata lokaci da saka XP a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata Windows a cikin taga, don wasanni masu hoto mai zurfi. Tun fitowar VirtualBox 6.1 aka cire wa XP taimakon katin hoto a ciki, kuma giga 4 ba ta isa a raba wa gida biyu ba.

Linux kuwa, wata babbar manhaja kyauta da ba ta Microsoft ba, ina ba da shawararta a wuri ɗaya musamman. In kuna son wasannin Sega da Nintendo da PlayStation ta farko, akwai Batocera: ana rubuta ta a kan kile, ka tayar da na'urar daga kilen ta hanyar danna F12, ta buɗe kai tsaye a jerin wasanni, a sarrafa ta da manet, abin buga wasa na hannu, ba tare da an taɓa diskinka ba. In ka zare kilen, Windows ɗinka na nan yadda ka bar ta. Ga gidan da yara suke da yawa wannan hutu ne, don babu abin da za su goge. Wine ma, wadda ake aikinta tun 1993, tana tayar da tsofaffin wasannin Windows da yawa a kan Linux, wani lokaci har ta fi Windows ɗin yau. Sai dai tana son mai haƙurin karatu da gwaji, kuma in ta ƙi, samun wanda zai duba maka a kusa ba lallai ya yi sauƙi ba. Ka fara da abin da ka sani.

Game da inda ake samun wasannin, ka yi hattara da tarin da ake kwafa wa mutane a kasuwa, rabin na'urorin da ake kawo mini da ciwo daga nan suka ɗauko shi. Shagon GOG, wanda wani kamfanin Poland ya buɗe a 2008, yana sayar da tsofaffin wasanni an riga an gyara su don sababbin Windows, babu kulle a kansu, ka sauke sau ɗaya ka ajiye ka girka ko babu intanet, abin da ya dace da mu da muke sayen intanet da awo. Matsalarsa yawanci sai da katin banki mai aiki a waje, kuma ba kowane wasa ke akwai ba. PES 6 da Most Wanted na 2005 ba sa ciki. Wataƙila yayanka zai iya taimakawa ta wannan ɓangaren.

Kuɗin da za ka ba mai gyara ya sa maka XP, da wanda za ka ƙara a kai, ga inda zan so ka kai su. RAM ɗin na'urarka DDR3 ce, tana da araha a wurin masu kayan hannu, ka ƙara ta zama giga 8. Ka sa ƙaramin SSD a madadin tsohon diskin, za ka rantse wata na'urar aka canza maka, a kan ɗaukewar wuta ba zato kuwa, ondula, wato akwatin batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, ita ce kariyar gaske in da hali. Sannan zafin Tahoua a watan Afrilu da Mayu, da ƙurar hunturu, sun fi kowace Windows kashe wasa. In ka ga wasa ya fara lafiya, bayan minti ashirin ya soma sarƙewa, fankar tana ihu, ba manhaja ba ce, furosesa ce ke rage gudu don kada ta ƙone. Ka buɗe murfin, ka busa ƙurar da ta toshe tsakanin ƙarafan sanyaya, a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, don na'urar da ta haura shekara goma nata ya bushe ya zama kamar alli. Kada ka ajiye ta a ƙasa kan tabarma, ka ɗora ta kan tebur inda iska ke ratsawa.

Ka fara da kunshin DirectX da DirectPlay yau, ka gwada PES 6 da San Andreas. Gobe ka yi na IGI da Red Alert 2, ɗaya bayan ɗaya, kada ka zuba gyare-gyare biyu lokaci guda don in abu ya lalace ka san wanne ne. Wanda duk ya ƙi, ka ɗauki hoton saƙon da ya fito da wayarka, ko in babu saƙo ka faɗa mini daidai inda ya tsaya, ka aiko mini. Ka gaishe da kawu, ka ce masa minti 60 ɗin da ake ba yarima ya ceto gimbiya suna nan ba a ƙara ko ɗaya ba.